Tsakanin Hannun Matuƙi da Na'urar Tuƙi: Wa Ke Riƙe da Jirgin?

A daren 5 ga Mayun 2007, jim kaɗan bayan ƙarfe 12, wani jirgin kamfanin Kenya Airways ƙirar Boeing 737-800 ya tashi daga Douala ta ƙasar Kamaru zai nufi Nairobi, cikin duhu da hadari. Jirgin sabo ne fil, bai kai wata bakwai da fitowa daga masana'anta ba, kuma babu abin da ya lalace a jikinsa. Da suka kai tsayin ƙafa 1,000 ko kusa da haka, sai kyaftin ɗin ya saki sitiyari, ya kuma ba da umarnin a kunna na'urar tuƙi mai sarrafa kanta. Na'urar ba ta kama ba, kuma cikin matuƙan biyu babu wanda ya dubi allon da ke gabansa don ya tabbatar. Kusan daƙiƙa 55 jirgin yana tafe babu mutum a kan sitiyari, babu na'ura, yana karkata dama a hankali, irin karkatar da jikin ɗan Adam ba ya jin ta matuƙar ido ba ya ganin ƙasa. Sai da ƙararrawar gargaɗi ta yi kuka sannan kyaftin ɗin ya damƙi sitiyari, amma cikin ruɗewa ya ƙara wa jirgin karkata maimakon ya daidaita shi. Ba su cika minti 2 a sama ba suka faɗa cikin wani dausayi, kilomita 5 da 'yan kai daga filin jirgin, mutum 114 da ke ciki duka suka rasu.

Abin da ya faru a Douala shi ne tushen muhawarar da ta daɗe tana damun masu harkar sufurin sama: yaya za a yi da matuƙin da na'ura ta ɗauke masa aiki har ya saba da zama ɗan kallo, alhali ranar da na'urar ta gaza shi ake sa ran ya ceci jirgin?

Dole ne a fara da yi wa na'ura adalci, domin akwai masu ganin kamar da can matuƙa gwanaye ne, sai kwamfuta ta zo ta lalata su. Alƙaluma ba su goyi bayan wannan magana ba. A shekarar 1972 kaɗai fiye da mutum 2,000 ne suka mutu a haɗurran jiragen fasinja a duniya, a lokacin da masu hawa jirgi ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na yanzu ba, amma a 2017 aka shekara ba a rasa fasinja ko ɗaya ba a haɗarin babban jirgin fasinja mai injin jet. Na'urar da ke gargaɗi idan jirgi ya doshi dutse ko tudu, da wadda ke hana jirage biyu yin karo a sama, da wadda ke iya sauke jirgi cikin hazon da matuƙi ba ya ganin titi, sun ceci rayukan da ba za su ƙirgu ba. Mu ma muna da shaida a gida. Jirgin kamfanin ADC na Najeriya da ya faɗi a Abuja ranar 29 ga Oktoban 2006, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido da wasu mutum 95 suka rasu, Allah ya jiƙan su, tsohon Boeing 737-200 ne wanda kusan komai nasa da hannu ake yi, kuma binciken hukuma ya nuna cewa an tashi cikin mummunan yanayi, sannan ba a bi ƙa'idar kuɓuta daga iska mai juyawa yadda ya kamata ba. Kenan tuƙi da hannu kaɗai bai taɓa zama kariya ba.

Ita kanta na'urar ba baƙuwa ba ce. Tun a watan Yunin 1914 Lawrence Sperry ya ratsa saman kogin Seine a Faransa hannuwansa a ɗage, makanikensa yana tsaye a kan fiffike, don ya nuna wa jama'a cewa jirgi zai iya riƙe kansa. Abin da ya sauya shi ne yawan aikin da aka damƙa mata. Daga 1988, lokacin da Airbus A320 ya fara ɗaukar fasinja, kwamfuta ta shiga tsakanin hannun matuƙi da fiffiken jirgi: matuƙi ya motsa sandar tuƙi, kwamfuta ta auna abin da yake so, ta aiwatar, kuma ta ƙi yarda ya wuce iyakar da za ta jefa jirgin cikin haɗari. A yau matuƙin jirgin fasinja yakan tashi da hannu, bayan ɗan lokaci ya miƙa wa na'ura, ba zai sake kama sitiyari ba sai ana dab da sauka. A tafiyar sa'a 10, abin da ya tuƙa da hannunsa mintoci ne kawai.

Ba lalaci ba ne ya jawo haka, tsari ne. Tsakanin tsayin ƙafa 29,000 da 41,000, inda manyan jirage ke tafiya, an rage tazarar da ke tsakanin jirgi da na samansa zuwa ƙafa 1,000 domin sararin ya ɗauki jirage da yawa, tsarin da Afirka ta shiga a 2008, kuma sharaɗinsa shi ne jirgi ya kasance da na'urar da ke riƙe masa tsayi daidai. Kamfanoni kuma sun fi son na'ura saboda ta fi tsimin mai, ta fi tafiya lami lafiya ba girgiza. Bugu da ƙari, duk motsin da jirgi ya yi ana naɗe shi, ana duba shi a ofis, don haka matuƙin da ya kashe na'ura don ya motsa hannu, ya ɗan kauce wa ƙa'ida, yana iya samun takardar neman ba'asi, wanda kuwa ya bar na'ura ta yi komai babu mai tambayarsa. Matuƙan dogon zango su suka fi shiga wannan hali, domin su uku ko huɗu ne a jirgi ɗaya, sauka kuwa ɗaya ce tak, har wasunsu sai sun koma na'urar kwaikwayon tuƙi kafin su cika sharaɗin tashi 3 da sauka 3 cikin kwana 90.

Haɗarin da ya fi fito da illar wannan fili shi ne na jirgin Air France mai lamba 447, ƙirar Airbus A330, wanda ya taso daga Rio de Janeiro zuwa Paris ya faɗa tekun Atlantika ranar 1 ga Yunin 2009 da mutum 228. Ya kamata a tsaya a kansa, domin darasinsa yana cikin filla-fillar abin da ya faru. Jirgin yana tsayin ƙafa 35,000 cikin dare, kyaftin ya tafi hutun da ƙa'ida ta ba shi, ya bar mataimaka biyu. Suka shiga gajimare mai ƙanƙara, ƙanƙarar ta toshe ƙananan bututun da ke auna gudun jirgi. Da kwamfuta ta ga alƙaluman gudu sun saɓa wa juna, sai ta saki tuƙin, ta kuma janye kariyar da take bayarwa, ta bar wa matuƙi jirgin. Toshewar ba ta kai minti ɗaya ba. Injina lafiya lau, fikafikai lafiya lau, da an riƙe jirgin a miƙe kamar yadda yake tafe, da babu abin da zai faru. Amma matuƙin da ke riƙe da sanda, mai sa'o'in tuƙi kusan 2,900, ya ja ta baya, hancin jirgin ya ɗaga, ya haura zuwa ƙafa 38,000 yana ta zubar da gudu har fiffike ya sare.

Sarewar fiffike abu ne da duk wanda ya taɓa fitar da tafin hannu ta tagar mota tana gudu zai gane. Idan ka ɗan karkata tafin sama, iska za ta ɗaga shi. Idan ka ci gaba da karkatawa har ya yi kusan tsaye, ɗagawar za ta ɓace, iska ta riƙa tura shi baya kawai. Haka fiffiken jirgi yake. Idan kusurwar da yake tarar iska da ita ta wuce iyaka, iskar takan rabu da samansa, jirgin ya fara faɗowa ko da injinansa suna ruri. Maganin guda ne, kuma a makonnin farko na makarantar tuƙi ake koyar da shi: a sunkuyar da hancin jirgi ya sake samun gudu. Wahalarsa ita ce ya saɓa wa ɗabi'ar mutum, domin wanda ya ji yana faɗowa, abin da zuciyarsa ke raya masa shi ne ya ja sama.

A jirgin 447 ƙararrawar sarewar fiffike ta yi kuka daƙiƙa 54 ba tsayawa, amma babu wanda ya furta cewa abin da ke faruwa ke nan. Ga kuma abin da ya fi tayar da hankali. An ƙera kwamfutar ne ta ɗauki duk gudun da ya gaza kimanin kilomita 110 a sa'a a matsayin bayanin ƙarya, don haka da hancin jirgin ya yi matuƙar ɗagawa sai ƙararrawar ta yi shiru, da matuƙin ya ɗan sunkuyar da shi, wato ya yi abin da ya dace, sai alƙaluma suka dawo, ƙararrawar ta sake kuka. Na'urar da aka yi don ta shiryar da shi ita ce take tsawata masa idan ya yi daidai, ta yi shiru idan ya yi kuskure. Sannan sandunan tuƙi na Airbus ba a haɗe suke ba, na hagu ba ya jin abin da na dama yake yi, shi ya sa abokin aikinsa bai gane cewa ana ta jan sanda baya ba, kyaftin ɗin ma da ya dawo bai fahimci lamarin ba sai da lokaci ya ƙure. Daga sakin na'ura zuwa faɗawa ruwa, minti 4 ne da 'yan daƙiƙoƙi. Sai a Mayun 2011 aka tsamo baƙin akwatin da ke naɗar bayanan jirgin daga zurfin kusan mita 3,900, kuma rahoton da hukumar bincike ta Faransa ta fitar a Yulin 2012 ya nuna cewa mataimakan ba su taɓa samun horon tuƙi da hannu a irin wannan tsayi ba, inda iska ba ta da kauri kuma ɗan motsi kaɗan ke yin babban tasiri.

A ganina, zalunci ne a karanta wannan labari a tsaya ga cewa matuƙi ya yi kuskure. Ya yi, babu musu, amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mutum ne da aka zaunar da shi shekaru yana kallon na'urar da ba ta cika gazawa ba, aka koya masa cewa jirginsa ba ya yarda fiffike ya sare, sannan cikin tsakar dare, a cikin gajimare, ƙararrawa iri-iri na tashi, aka ce ga jirgi nan, karɓi. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam 'yar Ingila, Lisanne Bainbridge, ta hango wannan tun 1983, inda ta yi bayanin cewa mai ƙera na'ura yakan ba ta sassauƙan aiki ya bar wa mutum mai wuyar, bayan ya riga ya hana shi damar gwajin da zai sa ya iya mai wuyar.

Shekara huɗu bayan haɗarin jirgin 447 aka ga wata fuskar matsalar da rana tsaka, sama garau. Ranar 6 ga Yulin 2013 jirgin Asiana ƙirar Boeing 777 ya zo sauka a San Francisco, a daidai lokacin da aka kashe na'urar filin da ke jagorantar gangarowa saboda gyara, don haka sai an sauka da ido. Matuƙin yana da sa'o'i kusan 10,000, amma sabo ne a wannan samfuri, kuma daga baya ya shaida wa masu bincike cewa saukar ido ta ɗaga masa hankali ƙwarai. Ya danna wani maɓalli, ya ja totur baya da hannu, hakan ya sa na'urar da ke kula da totur ta koma yanayin jira ba tare da ya sani ba. Matuƙa uku ne a ɗakin tuƙi, kuma babu wanda ya farga da wuri cewa na'urar ta daina riƙe gudu. Gudun da ya kamata ya tsaya a kimanin kilomita 254 a sa'a ya zube zuwa 190, wutsiyar jirgin ta bugi katangar bakin teku, mutum 3 suka rasu cikin 307. Kamar dai a Douala, kowa ya ɗauka akwai mai riƙe da abin, alhali babu.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da nake ganin ita ce zuciyar lamarin: mene ne ainihin abin da ke tsatsa? A 2014 masu bincike na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, sun zaunar da matuƙa 16 a na'urar kwaikwayon Boeing 747-400, suka riƙa kashe musu kayan aiki ɗaya bayan ɗaya. Abin da suka gano shi ne hannu bai cika mantuwa ba, riƙe sitiyari da karanta agogunan jirgi suna nan daram ko an daɗe ba a yi ba. Abin da ya raunana shi ne aikin ƙwaƙwalwa: sanin inda jirgi yake ba tare da taswirar allo ba, hango mataki na gaba, da gane cewa wani ma'auni yana ƙarya. Sun kuma lura cewa matuƙan da hankalinsu ke yawo yayin da na'ura ke tuƙi su suka fi tuntuɓe. Duk wanda ya saba bin taswirar waya a garin da ya sani, ranar da caji ya ƙare ya tsaya a shataletale yana tunanin inda zai bi, ya ɗanɗana ƙaramin misalin abin. Tun 1997 wani kyaftin mai horarwa a American Airlines, Warren VanderBurgh, ya gargaɗi matuƙa cewa sun zama masu bin jan layin da ke kan allo ido rufe, ya kuma shawarce su da cewa idan al'amari ya rikice su rage dogaro da na'ura, su kama jirgin, maimakon su sunkuya suna danne-danne.

Sai dai kada a ɗauka ƙwarewar matuƙi za ta rufe kowace ɓaraka. Haɗurran Boeing 737 MAX guda biyu, na Lion Air a Indunusiya ranar 29 ga Oktoban 2018 da na Ethiopian Airlines ranar 10 ga Maris ɗin 2019, waɗanda suka ci rayuka 346, ciki har da marubuci ɗan Najeriya Farfesa Pius Adesanmi, sun nuna na'urar da ta ƙwace jirgi daga hannun matuƙa. An saka wata manhaja mai suna MCAS da ke sunkuyar da hancin jirgi bisa bayanin ma'auni ɗaya tak, kuma kafin haɗarin farko ba a ma sanar da matuƙa cewa tana nan ba. Kamfanin ya gina lissafinsa a kan cewa matuƙi zai gano matsalar ya magance ta cikin 'yan daƙiƙoƙi, zaton da hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta ce a 2019 bai yi la'akari da ruɗanin ƙararrawa da yawa a lokaci guda ba. Waɗanda suka yi gaggawar ɗora laifi a kan horon matuƙan Habasha da Indunusiya sun manta cewa ba a ce wa mutum ya yi kokawa da abokin gabar da aka ɓoye masa.

Inda aka dace kuwa, mutum da na'ura tare suka yi aikin. Ranar 15 ga Janairun 2009, da tsuntsaye suka kashe injina biyu na wani A320 a New York, Kyaftin Chesley Sullenberger ne ya yanke shawarar sauka a kogin Hudson, shawarar da babu kwamfutar da za ta yanke, amma kwamfutar jirgin ce ta hana fiffike sarewa a daƙiƙoƙin ƙarshe, mutum 155 suka tsira.

Hukumomi sun motsa, ko da yake sai da aka yi asarar rayuka. A Janairun 2013 hukumar FAA mai kula da sufurin jiragen sama ta Amurka ta fitar da sanarwa tana kira ga kamfanoni su bar matuƙa su riƙa tuƙi da hannu idan yanayi ya ba da dama. Daga 2019 Amurka da Turai suka wajabta horon farfaɗo da jirgin da ya kauce wa daidaito, har Amurka ta ce sai an kai matuƙi ga cikakkiyar sarewar fiffike a na'urar kwaikwayo, saɓanin da, lokacin da ake tsayawa a bakin iyaka, a kuma yaba wa wanda bai zubar da tsayi ba, ɗabi'ar da ita kanta ta koya wa matuƙa jan sitiyari baya. Amma kira daban, doka daban, kuma a Janairun 2016 ofishin babban mai bincike na ma'aikatar sufurin Amurka ya ce hukumar FAA ba ta da hanyar tabbatar da cewa matuƙa suna samun damar tuƙi da hannu. Horon da ake yi sau biyu a shekara, wanda matuƙi ya san abin da za a jarraba shi a kai tun kafin ya shiga, ba ya koyar da yadda ake dawo da hankali bayan firgita. Duk da haka akwai masu ƙera jirage da ke nazarin barin matuƙi ɗaya a ɗakin tuƙi yayin doguwar tafiya, abin da ƙungiyoyin matuƙa suka ƙi amincewa da shi, kuma ina ganin gaskiyarsu.

Lamarin ya shafe mu kai tsaye. Saukar da jirgi da na'ura tana buƙatar kayan aiki na musamman a ƙasa, kuma ba kowane filin jirgi ba ne a yankinmu yake da su, ga hazon hunturu da ke rufe Kano da Sakkwato da Maiduguri, ga hadarin damina mai juya iska cikin ƙiftawar ido. Matuƙinmu ya fi takwaransa na Turai bukatar hannu da ido, a daidai lokacin da kamfanoninmu ke shigo da sabbin jirage masu cike da kwamfuta. Kwalejin Horar da Matuƙa ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana aza harsashi a kan ƙananan jirage inda ɗalibi ke jin iska a hannunsa, amma abin da zai faru da wannan harsashi bayan ya shiga babban jirgi yana hannun kamfanin da ya ɗauke shi da hukumar NCAA mai sa ido kan kamfanonin jiragen sama a Najeriya. Na'urar naɗar bayanai ta kowane jirgi tana rubuta lokacin da aka kunna na'urar tuƙi da lokacin da aka kashe ta. Saboda haka abu ne mai sauƙi hukumar ta nemi kowane kamfani ya nuna mata minti nawa kowane matuƙinsa ya tuƙa da hannu a wata shidan da suka wuce, da saukar ido nawa ya yi, ta kuma tabbatar cewa wanda ya kashe na'ura a rana mai kyau don ya motsa hannunsa ba takardar neman ba'asi ce ke jiransa a ofis ba.